Maganin Itace da Ciwon Daji na Ma'ajiyar Ƙwan Mace

Mata sukan tambaye mu a wuraren taro ko akwai itacen da ke maganin ciwon daji na ma'ajiyar ƙwai. Akwai, amma ba jiƙo ake yi a sha ba.

A shekarar 1962 masu bincike a Amurka suka ɓare ɓawon wani itace mai suna yu, wanda ke fitowa a dazuzzukan yammacin ƙasar. Monroe Wall da Mansukh Wani suka ware sinadarin da ke cikinsa, suka bayyana shi a 1971. Sai a 1992 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a ba mata masu wannan ciwo, da sunan Taxol. Shekara 30 ke nan ana gwaji. Aikinsa shi ne ya hana ƙwayoyin ciwon rabuwa su yaɗu. Ta jijiya ake sa shi, yawanci bayan kowane mako 3, tare da wani magani, kuma likita na duba jinin mai jinya domin yana da ƙarfi ƙwarai. Shi kansa itacen dafi ne, wanda ya dafa ganyensa ya sha yana iya mutuwa. Haka kuma topotekan, da aka yarda da shi a 1996, asalinsa wani itace ne na ƙasar Sin.

To, ina labarin gangamau da tazargade da ake ta yabo? An ga sinadaransu suna kashe ƙwayoyin ciwon a cikin kwalabar gwaji. Amma kwalaba dabam, jikin mace dabam. Sinadarin gangamau ma kaɗan ne ke shiga jini daga hanji. Ba a tabbatar cewa ɗayansu yana warkar da mai wannan ciwo ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne jinkiri. Ciwon yakan fara a ɓoye: kumburin ciki, saurin ƙoshi, yawan fitsari, ciwon mara. Mace takan ɗauka iska ce ko basir, ta yi watanni tana shan saiwa, kafin a kai ta asibiti ciwon ya riga ya bazu. In alamun nan sun wuce mako 2 ko 3, musamman ga wadda ta daina al'ada, a je a yi hoton ciki. In kuwa ana shan na gargajiya, a tafi da shi a nuna wa likita, gama waɗansu sukan wahalar da hanta da ƙoda, gaɓoɓin da ke tace maganin asibiti daga jiki.