TARIHIN 'YAN KWANA-KWANAN SA KAI NA GARIN ALEXANDRIA

A bakin kogin Potomac, cikin Jihar Virginia ta ƙasar Amurka, akwai wani gari da a ke kira Alexandria. Ba Iskandariyyar Masar ba ce, sunan wani gida ne na masu gona da su ka mallaki filin tun kafin a kafa garin a 1749. Yau mutanensa sun kusa 160,000, amma a ƙidayar 1790 ba su kai 3,000 ba. Ɗan ƙaramin gari ne na 'yan tireda da masu fataucin taba da alkama, gidaje da kantuna manne da juna, da yawansu kuwa na katako.

A irin wannan gari ba abin da a ke tsoro kamar gobara. Da itace a ke girki, da kyandir a ke haskaka ɗaki, ga kaya jibge a sito. Babu ruwan famfo, babu kuma hukumar da za a kira. Sabo da haka a 1774 waɗansu mazauna garin su ka taru su ka kafa ƙungiyar kashe gobara, su ka raɗa mata suna Friendship, watau Zumunci. Ita ce ta fari a garin, kuma ta girmi ƙasar Amurka kanta da shekara biyu.

GUGA DA BUHU

Ba su ne su ka ƙago dabarar ba. Tun 1736 Benjamin Franklin ya kafa irinta a birnin Filadalfiya, sauran garuruwa su ka yi koyi. Ƙa'idar ba ta da wuya. Babu albashi, kowane ɗan ƙungiya da sana'arsa. Amma tilas ya tanadi guga na fata da buhu a gidansa, a inda hannu zai kai ko cikin duhu. Gugan na ɗiban ruwa ne, buhun kuwa na kwashe kayan mai gida ne kafin wuta ta cinye su ko ɓarayi su yi gaba da su. Wanda ya ƙi zuwa taro, ko aka tarar gugansa ya lalace, sai ya biya tara.

Da an ji ƙararrawa, sai kowa ya fito da gudu. A kan ja layi biyu daga rijiya ko bakin kogi har zuwa wurin wutar. Layi ɗaya na miƙa guga cike da ruwa hannu da hannu, ɗayan na mai da wanda aka zazzage. Ruwan a kan zuba shi cikin wani babban akwati mai ƙafafu, wanda a ke kira inji ko da ya ke ba mai ba gawayi. Dogayen sanduna ne a gefensa, ƙarti su jeru su riƙa dannawa suna ɗagawa, ruwa ya riƙa feshi ta bututu. Aiki ne mai cin ƙarfi ƙwarai, cikin 'yan mintoci mutum ya kan galabaita, wani ya karɓe shi. Shi kansa injin ba doki ke jansa ba, mutane ne da igiya.

Mutanen garin sun daɗe suna ba da labarin cewa George Washington, Shugaban Amurka na farko, ɗan ƙungiyar ne, har ma shi ya saya mata injinta na fari a 1775. Gidan gonarsa na Mount Vernon bai wuce mil 8 daga garin ba, yana kuma da gida a ciki. Sai dai masu binciken tarihi ba su sami takardar da ta tabbatar da zancen ba. Duk da haka labarin ya ɗaukaka sunan ƙungiyar, ya kuma taimaka wajen rayar da ita daga baya.

Da gari ya ƙara girma, sai waɗansu ƙungiyoyin su ka biyo baya: Sun a 1775, Relief a 1788, Star a 1799. Kowace da injinta, da tutarta, da kayan adonta. Gasa ta shiga tsakani, kowa na son a ce shi ya fara isa wurin wuta. A manyan birane kamar Filadalfiya da Baltimore irin wannan gasa ta sha kaiwa ga dambe a tsakiyar titi, gida na ci da wuta.

GOBARA BIYU DA BA A MANTA BA

Ran 18 ga watan Janairu na 1827, da safe, cikin tsananin sanyi, wuta ta tashi a shagon wani kafinta. Iska ta kwashe ta zuwa maƙwabta. Kafin a shawo kanta ta lashe gidaje da kantuna da sito-sito fiye da 50. Mutanen Washington su ka zo da nasu injuna don taimako. A lokacin Alexandria na cikin yankin babban birnin tarayya, sabo da haka Majalisar Dokokin Amurka ta ware dala 20,000 don agazawa waɗanda su ka yi hasara.

Wannan gobara ta nuna cewa guga ba zai iya da garin ba. A shekarar aka kafa wata ƙungiyar, Hydraulion. Sannu a hankali aka koma ga mesa ta fata da injin da ke zuƙo ruwa da kansa daga rijiya ko kogi. Friendship ta sayi irin wannan inji a 1851 daga wani maƙeri na Baltimore, John Rodgers. A 1858 kuma wani maƙerin keken doki na garin, Robert Prettyman, ya ƙera mata keken naɗe mesa, mai ado da fitilu da ƙararrawa. A 1855 ta gina gidanta na bulo a titin South Alfred.

A wannan shekara ta 1855 ne garin ya ga baƙin ciki mafi girma a tarihin 'yan kwana-kwanansa. Cikin watan Nuwamba wuta ta kama wani kantin tangaran a titin King da dare. 'Yan sa kai na cikin aiki sai bango ya rufto musu, mutum 7 su ka rasu, yawancinsu 'yan ƙungiyar Star. Ba wanda ya ɗauke su aiki, ba wanda ya yi musu alkawarin ko anini. Mutanen gari su ka kafa musu dogon dutsen tunawa a maƙabartar Ivy Hill, inda har yanzu a ke taruwa kowace shekara a ambaci sunayensu.

YAƘI DA INJIN TURURI

Abin da wuta ba ta iya yi wa ƙungiyar ba, yaƙi da zamani su ka yi. Ran 24 ga watan Mayu na 1861 sojojin gwamnatin tarayya su ka mamaye Alexandria, a farkon yaƙin basasan Amurka, su ka zauna shekara huɗu. Samarin garin da yawa sun tafi sojan 'yan tawayen kudu, ƙungiyoyin su ka watse, kayan aiki su ka lalace. Sojojin kuwa su ka kawo injin tururi mai aiki da gawayi, wanda ba ya gajiya, kuma mutum kaɗan sun isa su sarrafa shi. Tun 1853 birnin Cincinnati ya riga ya nuna hanya, ya haɗa injin tururi da ma'aikata masu albashi.

Bayan yaƙi, a 1866, majalisar garin ta kafa hukumar kashe gobara tata. Friendship ta ci gaba da lallaɓawa da injinta na hannu, har ta gyara gidanta a 1871, amma kafin ƙarnin ya ƙare ta daina fita wuta. Ba ta mutu ba dai. Ta zama ƙungiyar zumunci mai riƙon tarihi, tana fitowa a bikin tunawa da haihuwar Washington cikin watan Fabrairu. Gidan nan na titin South Alfred an gyara shi a 1992, yanzu gidan tarihi ne. Mai ziyara zai ga injin 1851, da keken mesa, da gugunan fata.

ABIN LURA

Kada mai karatu ya zaci zamanin sa kai ya wuce. A Amurka, da duk arzikinta, wajen kashi 65 cikin 100 na 'yan kwana-kwana 'yan sa kai ne a lissafin 2020, galibi a ƙananan garuruwa da ƙauyuka. Amma adadinsu ya ragu daga kusan 900,000 a 1984 zuwa wajen 677,000 a 2020, don samari na barin ƙauye, horon da a ke bukata kuma ya ƙara tsawo.

Duk wanda ya taɓa zama a Sabon Ibadan, ko Agege, ko ya kasa kaya a kasuwar Mile 12, ya san rumfa manne da rumfa, ya san lungun da mota ba ta shiga. Kafin motar kwana-kwana ta ratso cunkoso, mintocin farko na hannun maƙwabta ne. Mutanen Alexandria ba su jira hukuma ba. Sun rubuta sunaye, sun raba aiki, sun san inda ruwa ya ke, suna kuma duba kayansu tun wuta ba ta tashi ba. Wannan bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ko fadar Sarkin Hausawa ba. Masu iya magana dai sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.