Sunan Annabi Irmiya A Bakin Turawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen baƙon mai wa'azi yana juya Turanci zuwa Hausa ya san inda gumi yake karyo wa tafinta, wato wajen kalmomin faɗa. A Hausa mun bambanta tsawatawa da bambami, mun bambanta habaici da wankin babban bargo. Turawa ma suna da irin wannan bambanci, amma da yawanmu "abuse" kaɗai muka riƙe.

Abin ya taɓa jawo mana kunya. Wani sakataren zumuntar matasa a cikinmu ya rubuta wa baƙon fasto wasiƙar godiya, ya yaba masa saboda "tirade" da ya yi mana. Shi a zatonsa ya ce wa'azi mai ƙarfi. Alhali "tirade" doguwar masifa ce da mutum yake surfawa ba ya numfashi. Sai da dattawan ikilisiya suka bi wasiƙar da ban haƙuri. "Rant" ya fi wannan muni, domin bambami ne marar kai da gindi. Da "rebuke" ya rubuta da ya tsira, gama ita ce tsawatawar da ake yi domin gyara.

Wadda ta fi shafarmu ita ce "jeremiad". Daga sunan Annabi Irmiya aka samo ta, ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci, ma'anarta dogon kukan lalacewar zamani. Yau Bature yakan faɗe ta da ɗan reni, kamar ya ce mai mita. Mu da muke karanta Irmiya da Makoki mun san an ɗan cuci annabin, gama abin da ya yi kashedi a kai ya faru, Babila ta rushe Urushalima.

Akwai kuma "philippic", jawabin da aka nufi mutum ɗaya da shi don a ragargaza shi. Dimostanis na Atina ne ya yi irinsa a kan Sarki Filibus na Makidoniya, uban Iskandari Mai Girma. Daga baya Sisero na Roma ya ari sunan, ya yi jawabai 14 a kan Markus Antoniyus. A shekara ta 43 kafin haihuwar Almasihu aka kashe shi, aka kafa kansa a dandalin da yake tsayawa yana magana. Filibus ɗin nan kuwa, sunansa ne a kan garin Filibi, inda aka kulle Bulus da Sila.