Shin mafi ƙarancin albashi na ₦70,000 ya shafi ma'aikatan gona?

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa ₦70,000 a watan Yulin 2024, masu gonaki ke tambaya ko da su ake. Amsar ta danganta da irin gonar.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda dokar 2024 ta yi wa gyara, ta tsame aikin da ake yi lokaci-lokaci irin na noma, da aikin jinga, da wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan 'yan ƙwadagon da aka ɗauka su yi noman fari ko su yanke shinkafa, a biya su da yamma, ba sa ciki. A ganina nan akwai giɓi, domin su ne suka fi shan rana.

Amma gonar kaji ko ta madara da ke riƙe da ma'aikata 25 ko fiye duk shekara, masu albashin wata, ba ta da mafaka. Dole ta biya.

Tsamewar kuma ba ta sauke sauran nauyi ba. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga hukumar NSITF, don ranar da injin casa zai kama hannun wani. Shi ya sa littafin albashi, mai suna da kwanan wata da sa hannu ko dangwale, yake da muhimmanci: shi za a buɗe idan gardama ta kai kotu.