Ɗanƙwairo da 'yan amshinsa: aikin da ba ya ginuwa a rana guda

Da wuya a yi mako guda a gidan rediyonmu nan Kumasi ba a samu mai bugo waya yana neman a sa masa waƙar marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo ba. Galibin masu neman nan fatake ne, masu dakon goro da shanu da albasa tsakanin Kumasi da Bawku da Paga, wasu har Illela da Jibiya. Mutumin nan ya rasu tun 1991, amma har gobe muryarsa tana tashi a rumfunan Aboabo da Alabar. Sai dai kusan kowa muryar tasa kaɗai yake yabo. Ba kasafai ake tuna mutanen da suka tsaya a bayansa shekara da shekaru suna riƙe masa kiɗa da amshi ba, alhali in babu su, babu waɗannan waƙoƙi.

Ɗanƙwairo mutumin ƙasar Bakura ne, cikin jihar Zamfara ta yanzu, kuma gadon kiɗa ya yi. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne da ya yi kiɗan noma, ya kuma yi wa Sarkin Kayan Maradun kiɗa. Tun yana yaro Musa ya shiga ƙungiyar uban nasa yana amshi. Da ragamar ta koma hannun wansa Abdu Kurna, shi Musa aka ba sarautar Daudun Kiɗi, wato mataimakin shugaba. A nan mai karatu ya dakata ya duba: mutumin da daga baya sarakunan Arewa suka riƙa rububin ya yi musu waƙa, ya shafe shekaru masu yawa yana tsaye a sahu na biyu, yana karɓar abin da wani ya fara. Sai a zamanin da Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato yake Firimiyan Arewa sunansa ya fita daga Maradun ya game ƙasa, domin ya zama makaɗin Sardauna har zuwa kisan da aka yi masa a Janairun 1966. Bayan nan ya yi wa sarakuna da dama waƙa, cikinsu har da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Daura Muhammadu Bashar.

To, mene ne aikin uban kiɗa? Wanda bai sani ba sai ya ɗauka rera waƙa ne kawai. Ganga irin ta su Ɗanƙwairo kotso ce, mai baki ɗaya, ana rataya ta a kafaɗa, ana kaɗa ta da hannu, ana matsa tsarkiyarta domin sauya murya. Makaɗan kotson nan su ne kuma 'yan amshi, hannu yana aiki baki yana aiki. Shugaba zai ɗauko magana ya kai ta rabi ya sake ta, su kuma su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da nasu, sannan a koma kan amshi gaba ɗaya kamar bakin mutum ɗaya. Ga sanƙira a gefe yana kirari yana shelar kyautar da aka yi. Babu takarda a gaban kowa. Da ido da ɗaga murya da numfashi shugaba yake nuna musu inda za a juya. Idan baƙo ya shigo fada ana tsakiyar waƙa, sai a saka sunansa nan take, kuma bai kamata kowa ya yi tuntuɓe ba. Irin wannan fahimtar juna ba a sayenta a kasuwa, zama tare ne yake kawo ta.

Shi ya sa ƙungiyoyin makaɗan fada yawanci 'yan gida ɗaya ne, ko mutanen da suka daɗe suna cin tuwo a akushi ɗaya. Haka Ibrahim Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa, haka Sa'idu Faru da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Babbar ranarsu kuwa Sallah ce. A lokacin ne ake fito da sabuwar waƙa, a lokacin ne ake samun riga da doki da hatsin da za a ci har wata shekara. Ke nan duk shekarar da aka fasa hawa, kamar 2020 saboda annobar korona, ko babbar Sallar 2024 da 'yan sanda suka hana hawa a Kano saboda rikicin sarauta, ba 'yan kallo kaɗai suka yi asara ba. Abin mamaki, a Disambar wannan shekara ta 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Turawa ma suna da irin wannan. A garin Lucerne na ƙasar Suwizalan ana yin bikin kiɗa duk lokacin zafinsu tun 1938. A 2003 wani shugaban makaɗa ɗan Italiya, Claudio Abbado, bayan ya yi fama da ciwon daji, ya tara makaɗan da ya amince da su daga ƙasashe daban-daban suka zama ƙungiyar wannan biki. Kowa yana da wurin aikinsa, amma duk shekara sai su dawo su haɗu a ƙarƙashinsa, har 2013. Ya rasu a Janairun 2014, kuma sai a 2016 Riccardo Chailly ya hau kujerar. Su da takardun kiɗa a gabansu ma sai da suka nemi wanda suka saba da shi, balle namu da komai a ka yake.

Mu a Zongo ba baƙin abin ba ne. Muna ganin makaɗan Manhyia duk bayan kwana 42 a bikin Akwasidae, kowane mai ganga ya san gurbinsa, kuma ana koya wa yara tun suna ƙanana. Namu makaɗan ma suna fitowa bayan Sallah idan sarakunan Zongo za su yi gangara. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a bukukuwan aure da suna yanzu mutum ɗaya ne da na'ura da manyan lasifika yake cinye kuɗin da a da ake raba wa mutum takwas ko goma. Mai biki yana ganin ya rage kashe kuɗi, ba ma kuma ganin laifinsa, tunda sidi ba ya zama a aljihu. Sai dai yaron da ya ga ubansa yana riƙe da kalangu wata uku babu gayyata, Kejetia zai nufa neman sana'a, kuma ba zai dawo ba.

Gidan Ɗanƙwairo ya tsira daga wannan ne domin 'ya'yansa sun tashi cikin amshi kamar yadda shi ya tashi, suka ɗauki kotson bayan rasuwarsa. Attajiranmu na Zongo da na kasuwannin kan iyaka su ne masu gayyata a yau, wurin da sarakuna suka tsaya a da. Idan za a kira makaɗa, a kira ƙungiyar duka, a yi jinga da shugabansu a gaban sauran, kuma idan an tashi liƙi a tuna da masu tsayuwa a baya. Mu kuma a namu ɓangaren, ƙofarmu a buɗe take ga duk wanda ya san sunayen 'yan amshin da ke cikin tsofaffin kaset-kaset ɗin nan, domin mu riƙa ambatonsu idan mun sa waƙar.