Sojojin da ke cikin ɓargo: Dalilin da ya sa allura ɗaya ba ta tare kowace sanƙarau

A watan Afrilun 2015 hukuma ta rufe makarantun birnin Yamai saboda annobar sanƙarau, yaran unguwar Banifandu su ma suka zauna gida. Abin ya ɗaure wa iyaye kai, domin tun a 2010 aka fara yin allurar MenAfriVac a Nijar. To, yaya aka yi cutar ta dawo? Amsar tana cikin jininmu.

Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, asalinsu daga ɓargo ne. A can akwai uwar ƙwayoyi wadda ke hayayyafa dare da rana, daga gare ta jajayen ƙwayoyin jini da fararen duk suke fitowa.

Runduna ta farko 'yan gaba-dai-gaba-dai ne. Da zarar ƙwayar cuta ta shiga, sai su yi mata rubdugu su haɗiye ta, ba tare da tambayar ko wace ce ba. Mugunyar da ake gani a miki yawancinta gawarwakinsu ne.

Runduna ta biyu kuwa sai ta sha horo. Ƙwayoyin B a ɓargo suke balaga, su kuma ƙwayoyin T sai sun tafi wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna timus, inda ake halaka duk wadda za ta iya juyowa ta yaƙi jikin mai ita. Daga nan su tare a saifa da wuraren da kaluluwa ke fitowa, suna dako. Kowace ƙwaya abokin gaba ɗaya tak ta sani. Idan suka haɗu, sai ta hayayyafa, ƙwayoyin B su ƙera makaman da ke manne wa cutar, wasu kuma su saura shekara da shekaru suna riƙe da kamanninta.

Aikin rigakafi ke nan: nuna wa sojojin kamannin ɓarawo tun kafin ya haura katanga. Allurar 2010 ta nuna masu nau'in A, kuma ta karya lagonsa. Amma wanda ya afka wa Yamai a 2015 nau'in C ne, mai sutura dabam, shi ya sa ba su gane shi ba. Fiye da mutum 500 suka rasu a ƙasar a wannan annoba.

A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar: A, C, W, X da Y.

Don haka, iyaye, duk lokacin da ma'aikatan lafiya suka zo da sabuwar allura, kada a ce ai an riga an yi wa yaro. A ɗauko katinsa a nuna masu. Kuma yaron da ya kwana da zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sanƙare, a garzaya da shi asibiti nan take. Allah Ya ƙara mana lafiya.