Bikin tattaki a Malanville: abin da ya kamata ku sani

Duk wanda ya ce zai shirya bikin tafiya a ƙasa a Malanville, tambayar farko da za a yi masa ita ce: wa za ka koya wa tafiya a garin nan? Tambayar tana kan hanya. Ɗan dako a kasuwa yana yini da buhun albasa a ka. Manomin shinkafa yana fita fadama tun da duku-duku. Bafulatana mai tallan nono takan shigo gari daga ruga ta koma, duk a ƙafa. Waɗannan hutu suke bukata da abinci mai kyau, ba wani ya zo ya ce musu su motsa jiki ba.

Sai dai ba su kaɗai ne mutanen garin ba. Ƙidayar 2013 ta nuna ƙaramar hukumar Malanville tana da mutum fiye da 168,000, kuma kasuwarta na cikin mafi girma a Jamhuriyar Benin, har akan ce Dantokpa ta Kwatano ce kawai ke gabanta. Gari irin wannan cike yake da masu sana'ar zama. Akwai alhajin da ke shiga rumfa da hantsi bai fito ba sai magariba, da ɗan canji, da tela, da ma'aikacin duwan, da direban babbar mota da ya taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya yi fiye da kilomita 700 a kan kujera. Akwai ɗan kabu-kabu, wanda kowa ke ganin yana yawo alhali a zaune yake yini. Akwai kuma uwargidan da 'ya'yanta suka girma suka karɓe mata aiki, ta koma daga ɗaki sai tsakar gida. Babur ya sa ko masallacin unguwa wasu ba sa zuwa a ƙafa. Don waɗannan ake yin bikin tattaki, kuma a ganina duk shirin da ya kasa fito da su ya tashi a banza, ko da yara dubu sun cika titi.

Dalilin damuwar a fili yake. Binciken lafiyar da aka yi a Benin a 2015 bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya gano kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai huɗu yana da hawan jini. Cutar ba ta cika nuna alama ba, sau da yawa sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ake sanin tana nan. Hukumar ta ba da shawara a 2020 cewa baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, yara masu shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 kowace rana. Minti 150 ba wani abin tsoro ba ne, rabin awa ne sau biyar a mako. Matsakaici kuma yana nufin tafiya da ɗan sauri, yadda numfashi zai ƙaru amma mutum yana iya hira da na kusa da shi. Irin wannan tafiyar tana taimakawa wajen sauke hawan jini, tana sa jiki ya fi sarrafa sukari, tana gyara barci, tana kuma rage ƙuncin zuciya.

Za ku ji masu waya suna cewa dole sai taku 10,000 a rana. Adadin ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku da aka fitar a Japan a 1965. Wani babban nazari da mujallar Lancet Public Health ta buga a 2022 ya nuna cewa ga wanda ya kai shekara 60, amfanin yana kaiwa ƙololuwa tsakanin taku 6,000 zuwa 8,000. Saboda haka kada a tsorata dattawa da lissafi.

Ba a Malanville za a fara irin wannan taro ba. A garin Nijmegen na ƙasar Holan ana yin tattakin kwana huɗu kowane watan Yuli, al'adar da ta faro tun 1909, inda dubun-dubatar mutane ke takawa kilomita 30 zuwa 50 a rana. Wannan ya yi mana nisa, kuma ba shi ne abin koyi ba. Wanda ya fi kama da bukatarmu shi ne na Kigali, babban birnin Ruwanda. Tun 2016 suke rufe wasu tituna ga motoci da safiyar Lahadi, yanzu sau biyu a wata, jama'a su fito su taka, a gefe kuma ma'aikatan lafiya suna auna jini da sukari kyauta. Abin lura a nan shi ne maimaitawa. Ba su mayar da shi bikin shekara-shekara da ake mantawa da shi washegari ba.

To, yaushe za a yi? Yanayin yankin ba ya ba da zaɓi mai yawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma tara masu hawan jini a rana irin wannan ganganci ne. A Agusta da Satumba kogin Kwara da na Sota sukan yi ambaliya su cinye hanyoyin fadama. Abin da ya rage shi ne lokacin ɗari, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar yaƙi da ciwon sukari ta duniya, ana iya jingina bikin da makonta. A duba kalandar Musulunci kuma, domin azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana ƙara kusantar watannin sanyin. A guji ranakun da kasuwa ke ci, don ba ɗan kasuwar da zai bar ciniki ya bi ku. A tashi bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, a gama kafin ƙarfe 9. Idan aka wayi gari hazo ya yi kauri, masu asma su zauna, sauran su rufe hanci.

Maganar hanya ita ce ta fi bukatar natsuwa. Babban titin da ya taso daga Kandi ya ratsa gari zuwa gada na manyan motoci ne, kada a bi shi sai dai a tsallaka a wurin da 'yan sanda suka tsare. Gadar kanta, wadda ta haɗa Malanville da Gaya, a fitar da ita daga lissafi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe ta, jama'a suka koma tsallakawa a kwalekwale, kuma bakin iyaka ba wurin da za a kai taron mutane ba ne. Haka nan ba a nufar daji ta wajen Karimama da gandun dajin W, saboda hare-haren 'yan bindiga da yankin ya sha fama da su. Tattakin ya tsaya cikin gari da gefensa, inda ake ganin juna. Wannan ba ragi ba ne ko kaɗan. Malanville tana da fadamar shinkafa ta ban-ruwa mai fiye da kadada 500, ga lambunan albasa da suke kore shar a lokacin ɗari, ga bakin ruwa inda masunta ke gyaran taru da sassafe. Akwai mutanen da aka haifa a garin, suka yi furfura a rumfar kasuwa, ba su taɓa takawa sun ga waɗannan wurare da safe ba.

A fitar da hanya uku, duka su tashi daga fili ɗaya su dawo cikinsa: ta kilomita 2 don dattawa da masu juna biyu da masu fama da gwiwa, ta kilomita 5 wadda mai lafiya zai gama cikin kamar awa ɗaya, da ta kilomita 8 don matasa. Masu shiryawa su bi kowacce da ƙafarsu mako guda kafin ranar, su ga inda kwata ta yanke hanya, inda yashi ya yi zurfi, inda ake da inuwa. Kuma kada a sa kyautar wanda ya fara isowa. Da zarar an sa ta, taron ya zama tsere, samari su kwashe da gudu, hajiya mai shekara 55 ta ga ba wurinta ba ne ta koma gida. In za a ba da kyauta, a ba unguwar da ta fi fito da dattawa.

Wannan ƙasa ta san tsarin tafiyar jama'a tun kafin a kafa garin. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro a yankin Gaya da Illo suke ƙetare Kwara, su bi ta Kandi da Djougou har Salaga. Ayarinsu yana da madugu, da jagaba a gaba, da uban dawaki, da zangon da aka sani. Tsarin ke nan da za a ɗauka: mutum ɗaya a gaba wanda ba mai wuce shi, mutum ɗaya a baya wanda ba ya barin kowa, da zangon ruwa a kowane kilomita ɗaya da rabi ko biyu. Ruwan ya zama mai tsabta a jarkoki masu murfi. In ruwan leda aka samu, a sa yara masu buhu su bi baya suna tsincewa, don kada manoman da suka bari aka ratsa gefen gonarsu su wayi gari da shara.

Kafin duk wannan akwai sallama. A kai takarda ofishin magajin gari da caji ofis na 'yan sandan jamhuriya da wuri, a rubuta rana da hanya da adadin da ake sa rai. A je wa masu unguwanni da shugabannin kasuwa da na 'yan kabu-kabu da na direbobi. A je wa limamai, domin kalma ɗaya a huɗubar Juma'a ta fi takarda ɗari da aka manna a bango, a kuma sanar da majami'u. Shela ta fita da Dendanci da Hausa da Fulatanci da Faransanci, ta bakin sankira da rediyo da WhatsApp. Ga mata, a ba su ayarinsu daban, da jagorori mata, su fito da hijabinsu da zanensu yadda suka saba. Ba a bukatar wando ko rigar wasanni, kuma maigidan da ya ji haka daga bakin liman zai fi saurin barin iyalinsa su fita. Takalmi kawai ake so wanda ƙafa ta saba da shi, ba sabo ba.

Kuɗin da za a kashe kaɗan ne: ruwa, lasifika, rumfa, kujeru, da man babur mai ƙafa uku da zai bi baya don ɗaukar wanda ya gaji. Attajiran kasuwa za su iya ɗauke wannan. Abin da nake jin tsoro shi ne ɗan siyasar da zai zo da riguna masu hotonsa. Ranar da aka karɓa, rabin gari ya janye, bikin ya zama na jam'iyya.

Teburin awo shi ne zuciyar taron. A nemi asibitin yankin Malanville da Karimama ya ba da ma'aikatan jinya da na'urorin auna jini, a nemi 'yan agajin Kuros Ruj su tsaya a zanguna. A auna mutum kafin ya fara tafiya, bayan ya zauna ya huta minti 5, domin awon da aka yi bayan tafiya ba ya nuna gaskiya. Wanda aka samu a 140 bisa 90 ko sama, a rubuta masa a takarda, a gaya masa ranar da zai je asibiti a sake aunawa, tunda awo ɗaya ba ya tabbatar da cuta. Wanda nasa ya kai 180 bisa 110, ranar ba ta tafiya ba ce a gare shi, likita zai gani. Mai ciwon sukari ya karya kumallo, ya riƙe dabino a aljihu, ya duba tafin ƙafarsa in ya koma gida. Kowa kuma ya ji wannan a lasifika kafin a tashi: wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya gagara, ya tsaya nan take ya kira ɗan agaji. A kuma faɗa da babbar murya cewa tafiya ba ta maye gurbin magani, wanda likita ya ɗora a kan ƙwayoyi ya ci gaba da sha.

Sai a bar wa daɗi wurinsa. Makaɗa su tarbi masu dawowa, a sami koko da ƙosai da fura, a bar mutane su zauna su yi hira. A daidai lokacin ne, kafin taro ya watse, za a yi aikin da ya fi kowanne muhimmanci. Kowace unguwa ta ware gefe, ta zaɓi madugunta namiji da mace, ta tsayar da safiya biyu ko uku a mako da wurin haɗuwa, ƙofar masallaci ko bakin makaranta, a rubuta sunaye. Bayan wata uku masu shiryawa su zaga da na'urar awo su ga ayari nawa ne har yanzu ke fita, su sake auna waɗanda aka rubuta wa takarda, su tambayi wanda bai je asibiti ba abin da ya hana shi.