BASHI HANJI NE: YADDA AKE RAGE KAYAN ƊAKI A MUBI DON SAUKE NAUYI

MUBI: Duk wanda ya taɓa halartar jana'iza a garin nan, ko a wani gari na Arewa, ya san abin da akan yi kafin jama'a su watse. Wani daga cikin dangi zai miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya faɗa, wanda kuma marigayi ke bi ya ji tsoron Allah ya kawo. Ba a raba gado sai an biya.

Abin takaici, sau da yawa in aka buɗe ɗakin mamacin sai a tarar da kayan da suka isa su biya bashin nan tun yana da rai. Ga janareto ya shekara uku ba a tayar ba, ga rediyo biyu, ga manyan riguna a akwati asu ya fara ci. Kaya na kwance, mai bin bashi kuwa ya gaji da zarya har ya bar wa Allah.

Mutanen Mubi sun ga wannan al'amari ta fuskar da ba kowa ya gani ba, domin an yi ranar da suka bar kayansu kaf suka fita da rigar jikinsu, amma bashin da ke wuyansu bai tsaya a gida ba, tare suka tafi.

GARIN DA KE JUYAWA KAN AMANA

Mubi tana arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, bakin kogin Yedzaram, kusa da iyakar Kamaru. Ita ce ta zama hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1961, wadda ta sa yankin ya zaɓi zama cikin Nijeriya. Ta shiga Jihar Gongola a 1976, kana ta zama cikin Adamawa a 1991. Fali da Gude da Fulani da Hausawa da Margi da sauran ƙabilu duk suna cin kasuwa ɗaya.

Kasuwar shanunta sananniya ce har wajen ƙasar nan. Shanu kan shigo daga Kamaru da Cadi, a loda su a tirela zuwa Kurmi. Mai yanka a Oko-Oba ta Agege, ko mai saye a Lokpanta, ya san shanun Mubi ko da bai taɓa taka garin ba.

To, yawancin wannan ciniki kan amana yake tafiya. Mai shago kan ɗauko atamfa da shadda daga Kantin Kwari ta Kano, ya ba da rabi, sauran sai an sayar. Wani ya ɗauko takalma daga Aba ko kayan gyaran mota daga Anacha haka nan. Shi kuma ya ba 'yan ƙauye da fataken Kamaru bashi. Kowa ana binsa, kowa yana bin wani. Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Muddin kasuwa na ci, babu mai jin nauyinsa.

RANAR DA AKA BAR KOME

Ran 29 ga watan Oktoba 2014 ba mai manta ta a Mubi. A ranar ce mayaƙan Boko Haram suka shiga garin suka kama shi, har suka sake masa suna. Jama'a suka fantsama, wasu suka nufi Yola, wasu suka bi duwatsu a ƙasa zuwa Kamaru. Wajen tsakiyar watan Nuwamba sojoji tare da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin.

Da mutane suka fara komowa sai suka iske shaguna a fashe, gidaje da dama an yashe su, bankuna kuma suka daɗe a rufe. Kayan da aka shekara ashirin ana tarawa sun tafi cikin mako biyu. Amma littafin uban gida na Kano yana nan, ba abin da ya same shi. Wasu iyayen gida sun yi halin girma, suka ɗaga ƙafa ko suka sake ba da kaya don yaro ya farfaɗo. Duk da haka ɗaga ƙafa ba yafewa ba ne.

Darasin da ya fito a nan ba ya bukatar malami: kayan ajiya wuta na ci, ɓarawo na ɗauka, gara na lalatawa, amma bashi ba ya ruɓewa. Wanda ya riƙe kayan da ba ya amfani da su alhali ana binsa, ya riƙe abin da zai iya ɓacewa, ya bar abin da ba ya ɓacewa.

BANKIN DA KE JIKIN BANGO

Sayar da kayan gida don fita kunya ba baƙon abu ba ne wurin mata. Tun zamanin da ake yi wa amarya jere da ƙore da tasoshi, har aka koma kwanukan samira da langa da fanteka, har zuwa yau da ake cika kabad da tangaran da kuloli, kayan ɗaki ba ado kaɗai ba ne. Ajiya ce. Uwa takan fara tara wa 'yarta tun tana ƙarama, da kuɗin ƙuli-ƙuli da na adashi, don ta san ranar da za a wayi gari da bukata.

Hanyar mayar da kayan nan kuɗi ita ce dillaliya. Ita ke shiga gida gida da ƙunshinta, ta karɓi turmin atamfar lefe da ba a ɗinka ba, ko saitin kwanuka, ta kai inda ake shirin biki. In ta sayar ta cire la'adarta, ta kawo sauran, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Rufin asirin nan shi ne rabin aikinta.

Maza su ne suka fi jin nauyin abin. Magidanci ya gwammace a yi ta yi masa sallama a ƙofar gida da a ga an fita da talabijin daga ɗakinsa. Alhali kuwa masu saye suna nan. Masu gyaran rediyo da waya na sayen wanda ya mutu don su cire kayan ciki. 'Yan gwanjo na sayen tufafi. 'Yan jari-bola na auna ƙarfe da tagulla da alminiyom a sikeli su biya nan take. Matasa kuma kan ɗauki hoton kaya su sa a WhatsApp ko Facebook, mai so ya biyo.

WANE BASHI AKE FARA BIYA?

Ba duk bashi ne nauyinsa ɗaya ba, kuma faɗuwar naira ta ƙara raba su. A ƙarshen 2014 dala ɗaya ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. A 2016 ta haura 300. Bayan an saki naira a watan Yuni 2023, ta wuce 1,500 a cikin 2024. A watan Mayun 2023 ɗin kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi.

Ga ɗan kasuwar Mubi abin ya fi zafi ta wajen sefa, kuɗin Kamaru da Cadi, domin ita an ɗaure ta da kuɗin Turai, watau yuro. Sefa 1,000 da ba ta kai naira 400 a 2014 ba, ta haura naira 2,000 a 2024. Ke nan wanda ya ci bashi da sefa, yana sayar da kayansa da naira, bashinsa na iya kumbura yana barci ko da ba a ɗora masa ruwa ba. Irin wannan, da duk wani bashi mai ruwa, su ake fara kashewa.

Cikin masu ruwa babu kamar rancen da ake ci ta wayar hannu. Kuɗin kan shigo cikin minti kaɗan, wa'adin gajere, ruwan mai yawa, in an makara kuma wasu kamfanonin kan aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cin mutunci. Abin ya kai har hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Ikko a watan Maris 2022.

Bayan waɗannan sai bashin uban gida, domin shi ne jijiyar sana'a. In ya rufe littafi, shago ya mutu. Sa'an nan zubin adashi, tun da kuɗin mutane da yawa ne.

Akwai kuma bashin da aka fi rainawa, watau na ɗan uwa ko maƙwabcin da ya ba da rance don Allah, ba ruwa ba takarda. Shi ne ba ya kai ƙara, shi ne kuma ya fi cutuwa. Wanda ya ranta wa ƙaninsa naira 50,000 a 2019, in aka mayar masa da ita yau, ba za ta sayi yawan buhunan masarar da za ta saya a lokacin ba. Malamai sun sha yin wa'azi cewa mai halin biya in ya ja lokaci ya zalunci mai kuɗi. Saboda haka ko an sa shi a ƙarshen layi, ya kamata a je masa da ƙafa, a ba shi wani abu, a yanke masa rana.

Alal misali, a ce magidanci ana binsa naira 300,000: ta waya 40,000, ta sefa kimanin 80,000, uban gida 120,000, yayansa 60,000. Ya fito da janareton da ya daina aiki, da tsohuwar talabijin, da wayoyi biyu, da ƙarafan da ke bayan gida, ya haɗa 130,000. Bai gama ba, amma ya kashe biyun da ke girma, ya kai wa yayansa 10,000 da haƙuri. Sauran 170,000 ba sa ƙaruwa, ana iya binsu a hankali daga ribar shago. Sannu ba ta hana zuwa.

ABIN DA BA A SAYARWA

Masu hankali a cikin wannan harka sun san inda ake tsayawa. Na farko, ba a sayar da abin da ke kawo abinci. Keken ɗinki, injin markaɗe, firjin da ake ƙanƙara da zoɓo da shi, Keke Napep, shanun huɗa, duk waɗannan su ne za su biya sauran bashin. Wanda ya sayar da su ya biya na yau, ya buɗe ƙofar na gobe.

Na biyu, kayan mace nata ne. Gado da kabad da kwanuka da ɗan kunnen zinariya, iyayenta suka yi mata ko guminta ne, miji ba shi da ikon ɗauka ya biya bashinsa. In ta ga dama ta taimaka, to, a yi shi a matsayin rance, a sa rana, a kira shaida ko da daga cikin dangi ne. Aure da yawa ya lalace a kan sarƙar da aka karɓa da sunan "zan mayar miki bayan Salla". Gara maigida ya fara da nasa ɗakin kafin ya leƙa na uwargida.

Na uku, ba a yin gaggawa. Mai saye in ya ga ido ya yi ja sai ya karya kaya. A tambayi farashi wurin mutum biyu ko uku, a daidaita la'ada da dillali tun kafin ya ɗauki kaya. Kayan biki sun fi daraja bayan kaka da gabanin Salla, lokacin da kuɗi ke hannun mutane.

Na huɗu, kuɗin da aka samu kada ya kwana a gida. In ya kwana, za a yi baƙo, ko yaro ya yi zazzaɓi, ko a kawo goron suna. A kai wa mai shi a ranar, a sa ya rubuta ko ya soke a littafinsa a gaban mutum. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Kiristocin garin ma sun san cewa takarda ba ta ɓata zumunci, rashinta ke ɓatawa.

SAƘO GA NA KURMI

Wannan magana ta shafe ka kai ma, ɗan uwa, ko kana Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal. Da yawa cikin masu zuwa neman kuɗi Kurmi da bashi suka baro gida: kuɗin mota, ko buhun hatsin da aka bar wa iyali, ko ragowar sadaki. In Salla ta matso sai a cika jaka da tsaraba, a sayi babbar rediyo da agogon bango da katifa ta biyu, a ɗora a motar shanu mai komawa. A isa gida a jibge su a ɗakin da ba a kwana cikinsa sai wata ɗaya a shekara. Mai shagon unguwa da ya riƙe iyalinka da gero da sabulu wata tara yana kallo ana sauke kaya, bai ce kome ba, amma ya gani.

Kafin ka sayi tsarabar bana, zauna ka rubuta sunan duk mai binka, na nan da na gida, da abin da yake binka. Sa'an nan ka tuna abin da ke kulle a ɗakinka na gida wanda ka shekara biyu ba ka taɓa ba. Aika wa wanda ka amince da shi ya nemi mai saye, ya kai kuɗin inda ka ce, ya kira ka a waya a gaban mai karɓa.

Ɗaki zai yi fili, gaskiya ne, maƙwabta kuma za su yi magana kwana biyu su gaji. Amma ran da ka sauka a tashar Mubi za ka bi ta kowane layi ka gaisa da kowa ido cikin ido. In kuma ta Allah ta kasance, wanda ya miƙe ya yi cigiyar masu bin bashi zai koma ya zauna ba wanda ya ɗaga hannu.